A Ware wa Ɗalibai Kuɗin Musaya Tsakanin Ɗakunan Binciken Halittun Ƙarƙashin Ƙasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani lamari da ba kasafai yake samun shiga shafukan jaridu ba, duk da cewa ya shafi yadda ake kashe kuɗin ilimi mai zurfi. Lamarin shi ne tallafin da ake bai wa ɗaliban digiri na biyu da na uku domin su bar ɗakin binciken da suke karatu a cikinsa na 'yan watanni, su je wani ɗakin binciken su koyi aiki, musamman a fannin nazarin halittun da ke rayuwa can cikin ƙarƙashin ƙasa. A ganina, cikin duk kuɗin da ake zubawa a wannan fanni babu wanda ya kai wannan ƙanƙanta, babu kuma wanda ya kai shi amfani, amma shi ne farkon abin da ake sokewa duk ranar da aka ce a tsuke bakin aljihu.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da ake bincike a kansa. Da yawanmu mun taso da tunanin cewa rayuwa ta tsaya ne a inda hasken rana yake kaiwa, kuma da zarar an wuce saiwoyin itatuwa da ramukan ƙwari babu abin da ya rage sai dutse da zafi. Binciken shekaru arba'in da suka gabata ya nuna ba haka abin yake ba. A cikin tsagogin duwatsu da ruwan da ya maƙale a cikinsu, da kuma cikin lakar da ta taru a ƙasan teku, akwai ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya tak, bakteriya da 'yan uwansu da ake kira arkiya, waɗanda ba su taɓa ganin rana ba. A watan Disamba na 2018, masanan da suka yi aiki a ƙarƙashin shirin Deep Carbon Observatory sun bayyana ƙiyasinsu cewa kabon ɗin da ke jikin waɗannan halittu ya kai tan biliyan 15 zuwa 23, wato ya ninka na jikin dukkan 'yan Adam sau ɗaruruwa, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na bakteriya da arkiyan duniya a ƙarƙashin ƙasa suke zaune. Rayuwa ce ta matsanancin talauci, domin abincin da yake isa gare su bai fi cikin cokali ba, har ana ƙiyasta cewa wasunsu kan yi ɗaruruwa ko dubban shekaru kafin ƙwaya ɗaya ta rabu gida biyu.

Wanda zai ce wannan ilimi ne na masu abu da abinsu, ba ruwan kowa da shi, sai ya dubi ƙasar Finlan, inda aka haƙa ma'ajiyar Onkalo mai zurfin sama da mita 400 domin binne sharar nukiliya a cikin tukwanen tagulla da ake so su daɗe shekaru dubu ɗari. Akwai bakteriya a irin wannan zurfi da ke mayar da sinadarin salfet zuwa salfaid, shi kuwa salfaid yana cin tagulla, don haka sanin yawansu da saurin aikinsu yana cikin lissafin tsaron wurin. Irin waɗannan halittu ne kuma suke ɓata ɗanyen mai a rijiyoyi, su cika shi da iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, su kuma cinye bututu. Masu son adana iskar haidurojin a ƙarƙashin ƙasa suna buƙatar sanin nawa halittun za su cinye daga ciki, kamar yadda masu neman alamar rayuwa a duniyar Mars suke koyon inda za su duba daga abin da aka gani a mahaƙun wannan duniya tamu.

Fannin yana da wata matsala guda da ta bi shi tun ranar haihuwarsa, kuma daga gare ta hujjata ta samo asali. A shekarar 1926 wani masanin duwatsu na Jami'ar Shikago, Edson Bastin, ya ba da rahoton samun bakteriya a cikin ruwan da ke fitowa daga rijiyoyin mai na jihar Illinois a Amurka. Amsar da ya samu daga yawancin masana ita ce, waɗannan halittu daga sama suka shiga, haƙar rijiyar ce ta kai su. Ba shi da hanyar da zai bi ya ƙaryata su, sai maganar ta kwanta kusan shekara sittin. Sai a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ɗauki nauyin haƙar wasu ramuka a yankin Savannah River da ke jihar South Carolina tare da tsauraran matakan hana gurɓatawa, aka fara yarda cewa lallai akwai mazauna na asali a can ƙasa. Har yau, tambayar farko da ake jefa wa duk wanda ya ce ya gano wata halitta a cikin dutse ita ce tambayar da aka yi wa Bastin: ta yaya ka san ba kai ka kai ta ba?

Domin a gane nauyin tambayar, a dubi abin da ya faru a 2012, lokacin da jirgin haƙa na Japan mai suna Chikyu ya huda ƙasan teku daura da yankin Shimokita har zurfin mita 2,466, ya ratsa shimfiɗun gawayi masu kimanin shekaru miliyan 20. Daga zurfin kilomita ɗaya da rabi zuwa ƙasa, yawan ƙwayoyin da aka ƙirga a cikin ɗan curin da bai wuce santimita ɗaya ba ta kowane ɓangare ya kama daga ƙasa da goma zuwa kimanin dubu goma. Giram ɗaya na ƙasar noma kuwa yakan ɗauki ƙwayoyi har biliyan guda, kuma taɓon da ake turawa cikin rami domin sanyaya bakin injin haƙa cike yake da miliyoyinsu. Ke nan ɗigo ɗaya da ya kurɗa cikin samfurin ya isa ya mayar da aikin shekaru banza. Shi ya sa ake zuba wani sinadari mai sauƙin ganewa ko wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwallaye masu ƙyalli a cikin ruwan haƙa, domin a ga iyakar inda ya kutsa cikin dutsen. Shi ya sa kuma a haƙar da Chikyu ya yi a 2016 daura da Muroto, inda aka je neman iyakar zafin da rayuwa ke iya jurewa a laka mai zafin maki 120 a ma'aunin Salshiyas, aka riƙa ɗaukar samfura da jirgi mai saukar ungulu zuwa ɗaki mai tsananin tsafta da ke Cibiyar Kochi, maimakon a sarrafa su duka a cikin jirgin ruwan. Hatta sinadaran da ake sayowa a rufe daga kamfani domin fitar da DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayar halitta, wani bincike na 2014 ya nuna cewa su kansu suna ɗauke da burbushin DNA na bakteriya, ta yadda mai gaggawa zai iya shelar cewa ya gano sabuwar halitta a ƙarƙashin ƙasa alhali daga cikin kwalbarsa ta fito.

A nan ne ɗalibi yake shigowa. Maƙalar da aka wallafa a mujallar kimiyya za ta gaya masa cewa an fere bayan curin dutsen, an ɗauki tsakiyarsa a cikin akwatin da babu iskar oksijin, an zuba a kwalba an toshe. Ba za ta gaya masa yadda ake riƙe curin ba, ko sau nawa ake sauya safar hannu, ko ta wane gefe ake soka allura a murfin roba don kada iska ta bi bayanta. Akwai wani rini mai suna resazurin da ake ɗigawa a ruwan kiwon waɗannan halittu, wanda yake komawa ruwan hoda idan oksijin ya shiga. Sabon shiga sai ya ga launin yake sanin ya yi ɓarna, wanda ya daɗe a aikin kuwa ya san motsin hannun da ke jawo ɓarnar, kuma zai tsayar da ɗalibin kafin ya yi shi. Haka abin yake wajen ƙirga ƙwayoyi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, inda ƙurar ma'adinai kan yi ƙyalli tamkar ƙwaya mai rai, kuma ido ba ya koyon bambanta su sai ya zauna kusa da idon da ya riga ya iya. Tun a tsakiyar ƙarni na 20 Robert Hungate ya fito da dabarar kiwon halittun da oksijin ke kashewa, yana aiki a kan bakteriyan cikin tumbin shanu, kuma an rubuta dabarar dalla-dalla, amma har yanzu wanda yake so ya iya ta sai ya tsaya a gefen wanda ya iya. Gani ya kori ji, kuma a wannan sana'a yi da hannu ya kori gani.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Hiroyuki Imachi da abokan aikinsa a hukumar binciken teku ta Japan, wato JAMSTEC. A 2006 suka ɗebo laka daga ƙasan teku a kwazazzabon Nankai, suka zuba ta a cikin wata na'ura mai soso da asalinta ta tace ƙazamin ruwan birane ce, suka yi sama da shekara biyar suna shayar da ita iskar mitan, sannan suka ci gaba da rarrabe abin da ya tsiro a kwalabe. Sai da aka shekara goma sha biyu kafin su keɓe wata arkiya da ke ɗaukar kwana 14 zuwa 25 kafin ta ninka kanta, kuma rahoton da suka wallafa a farkon 2020 ya girgiza masu nazarin asalin ƙwayoyin jikin dabbobi da tsirrai. Ɗalibin digiri na uku yana da shekara uku zuwa biyar ne kacal. Idan aka bar shi ya gano irin waɗannan dabaru da kansa ta hanyar gwaji da kuskure, wa'adinsa zai ƙare yana kan kuskuren farko. Idan kuwa ya yi wata uku a ɗakin da aka riga aka yi kuskuren aka gyara, zai koma gida da abin da ya ci wa wasu shekaru goma.

Wani dalilin kuma shi ne babu ɗakin bincike ɗaya a duniya da ya haɗa duk abin da aikin yake buƙata. Tarihin bakteriyar nan mai suna Desulforudis audaxviator ya isa shaida. A mahaƙar zinare ta Mponeng da ke Afirka ta Kudu, a zurfin kilomita 2.8, aka tace lita 5,600 na ruwan da ke fitowa daga tsagar dutse, a cikin aikin da Tullis Onstott na Jami'ar Princeton ya daɗe yana jagoranta tare da masanan Jami'ar Free State da ke Bloemfontein. A Kalifoniya aka harhaɗa bayanan DNA ɗin, aka kuma bayyana a 2008 cewa sama da kashi 99 cikin ɗari nasa na halitta guda ne, wadda ke zaune ita kaɗai cikin zafi na kusan maki 60, tana rayuwa a kan haidurojin da ke samuwa yayin da radiyeshan, wato makamashin da yuraniyom ɗin cikin dutse yake fitarwa, yake farfasa ruwa. Amma babu wanda ya iya kiwata ta a kwalba sai a 2019, kuma a birnin Tomsk na Rasha aka yi hakan, a ɗakin binciken Olga Karnachuk, da ruwan wata rijiya mai zurfin kusan kilomita biyu a Saiberiya. Nahiyoyi uku, shekara goma sha ɗaya, a kan halitta ɗaya. Haka nan tsutsar da aka samu a mahaƙar Beatrix a zurfin kilomita 1.3, wadda aka ba da labarinta a 2011 kuma tsawonta kimanin rabin milimita ne, an gan ta ne saboda wani masanin tsutsotsi daga Jami'ar Ghent ta Beljiyam, Gaetan Borgonie, ya tashi ya je ya shiga cikin masu neman bakteriya da wata tambaya da ba su saba yi ba. Shi ba ɗalibi ba ne, na sani, amma abin da ya faru da shi shi ne ainihin abin da musaya take haifarwa, wato mutum ya shigo da idon wani fanni cikin ramin wani fanni.

Akwai kuma batun daidaita awo, wanda ba a cika kula da shi ba. A 1998 William Whitman da abokansa sun ƙiyasta yawan ƙwayoyin da ke cikin lakar ƙasan teku, sai a 2012 Jens Kallmeyer da nasa abokan suka rage adadin da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Babban dalili shi ne samfuran farko daga yankunan teku masu yalwar abinci aka fi ɗebo su, kuma sai da aka samu dabarar raba ƙwayoyi da laka sannan aka iya ƙirga 'yan ƙalilan da ke tsakiyar tekun Fasifik ta Kudu, inda abinci ya yi matuƙar ƙaranci. Duk lokacin da ɗakuna biyu suka ba da adadi mabambanta, dole a san ko wuraren ne suka bambanta ko hannayen masu ƙirgar. Hanya mafi araha ta warware wannan ita ce ɗalibi ɗaya ya ɗauki samfuri ɗaya ya auna shi a ɗakunan biyu, da hannunsa, a gaban masu ɗakunan.

Yanzu sai kuɗin. Gudanar da jirgin haƙa na JOIDES Resolution, wanda ya yi wa masana hidima daga 1985 zuwa 2024, yana cin sama da dala miliyan 70 a shekara a ƙarshen zamaninsa, wato kusan dala dubu 200 a kowace rana. Ƙungiyar Company of Biologists ta Ingila kuwa tana bai wa ɗalibi ko sabon dakta tallafin da bai wuce fam 3,000 ba domin ziyarar wani ɗakin bincike, ita kuma ƙungiyar masanan kimiyyar halittu ta Turai, wato EMBO, tana ɗaukar nauyin irin wannan ziyara har tsawon wata uku. Idan aka yi lissafi, kuɗin kwana ɗaya na jirgin ya isa ya tura ɗalibai gommai. Ba ina cewa a ajiye jirage da injinan haƙa ba ne, domin in babu su babu samfurin da za a yi aiki a kansa. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya kashe miliyoyi ya ciro dutse daga zurfin kilomita biyu, sannan ya miƙa shi ga hannun da bai kashe ko sisi wajen horar da shi ba, ya yi tuya ya manta da albasa.

An taɓa gane wannan, kuma an yi abin a zo a gani. A 2010 hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, ta ba da dala miliyan 25 aka kafa cibiyar C-DEBI a Jami'ar Kudancin Kalifoniya ƙarƙashin jagorancin Katrina Edwards, domin nazarin halittun da ke ƙarƙashin ƙasan teku, kuma cibiyar ta ware wani kaso na kuɗinta domin ƙananan tallafi, ciki har da na musaya tsakanin ɗakunan bincike. Shi ma shirin Deep Carbon Observatory, wanda Gidauniyar Alfred P. Sloan ta ɗauki nauyinsa daga 2009 zuwa 2019, ya haɗa masana fiye da dubu daga ƙasashe sama da hamsin, ya kuma ba matasa muhimmanci. Sai dai dukkansu shirye-shirye ne masu wa'adi, domin irin tallafin da NSF take bai wa waɗannan cibiyoyi ba ya wuce shekara goma. Idan wa'adi ya cika, na'urorin da aka saya suna nan, farfesoshi suna kan kujerunsu suna neman wani tallafin, amma ɗan asusun musayar ɗalibai yakan ɓace ba tare da kowa ya yi masa kuka ba. Dalili kuwa a fili yake. Malamin da ɗalibinsa zai tafi yana asarar hannu na wata uku, wanda zai karɓe shi yana asarar lokaci da kayan aiki, shi kuma ɗalibin, wanda shi ne mai cin moriyar, ba ya zama a teburin da ake raba kasafi.

Saboda haka roƙona na farko ga hukumomi da gidauniyoyi da jami'o'in da ke ba da kuɗin bincike shi ne su ware wa musaya asusunta daban, wanda ba a rataye shi a wuyan wata cibiya mai wa'adi ba, kuma ba za a iya karkatar da shi zuwa sayen kaya ba idan kasafi ya matse. Ɗalibin da kansa ya kamata ya rubuta takardar neman, gajeriya, ya faɗi dabarar da zai je koyo da dalilin da ya sa ba zai iya koyonta a inda yake ba, malamansa na ɓangarorin biyu su sa hannu. A riƙa karɓar takardun sau da yawa a shekara, a kuma ba da amsa cikin makonni, domin samfurin da aka ciro daga ƙasa ba ya jiran zaman kwamiti, yana sauyawa tun daga sa'ar da ya fito.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tsarin da ake cewa ɗalibi ya kashe nasa tukuna, a biya shi idan ya dawo ya kawo rasit. A takarda tsarin yana kama da tsantseni da amanar dukiya, amma a aikace tankaɗe ne da ke fitar da marasa hali tun kafin a duba cancantarsu. Ɗalibin da alawus ɗinsa da ƙyar yake kai shi ƙarshen wata, ina zai samo kuɗin jirgi da na biza da na hayar wata uku a baƙon gari, ya kuma jira watanni kafin a mayar masa? Ba zai ma nema ba, kuma masu shirin ba za su taɓa sanin sun rasa shi ba, domin sunansa bai shiga jerin waɗanda aka ƙi ba balle a yi nadama. A biya kuɗin tafiya da na zama kafin a tashi, a haɗa da kuɗin biza da inshorar lafiya. A kuma saka wani abu domin ɗakin da zai karɓi baƙon, tunda iskar gas da sinadarai da lokacin na'ura duk da kuɗi ake samunsu, kuma mai masaukin da aka bar wa ɗawainiya sau ɗaya da wuya ya sake buɗe ƙofa. Tsawon zaman ma abin dubawa ne. Mako biyu yawon buɗe ido ne a fannin da halitta kan yi wata guda ba ta ninka kanta sau biyu ba, don haka wata biyu zuwa shida ya fi dacewa.

Dole kuma musayar ta zama musaya ta gaskiya, mai zuwa da dawowa. Wasu daga cikin mafi kyawun ƙofofin shiga wannan duniya ta ƙasa suna a ƙasashen da ba su ne suka fi kuɗin bincike ba, kuma sau da yawa abin da ake gani shi ne samfura su hau jirgi su tafi, ɗaliban ƙasar da aka haƙo su kuwa su tsaya a matsayin masu ɗaukar kaya da nuna hanya. Yarjejeniyar Nagoya, wadda aka amince da ita a 2010 ta fara aiki a 2014, ta tanadi cewa ƙasar da aka ɗauki albarkatun halittunta tana da haƙƙi a cikin amfanin da aka samu, kuma ban ga hanyar cika wannan haƙƙi da ta fi a ce ɗalibin ƙasar ya bi samfurin zuwa inda za a auna shi ba. Shi ma ɗalibin babban ɗakin bincike yana da abin koyo idan ya zo, domin wanda bai taɓa sauka cikin rami ya ga yadda ake haɗa bututu da tsagar dutse cikin zafi da duhu ba, ba zai san irin amanar da zai ba lambobin da yake gani a kwamfutarsa ba.

Na san akwai masu ja, kuma wasu hujjojinsu suna da ƙarfi. Masu cewa intanet ta wadatar suna da gaskiya a wani ɓangare, domin nazarin bayanan DNA a kwamfuta ana iya koyonsa daga nesa, kuma ni kaina ba zan goyi bayan a biya wa ɗalibi kuɗin jirgi don wannan kaɗai ba. Kuɗin na aikin hannu ne, da na na'urar da ba ta ɗaukuwa. Masu tsoron cewa ɗalibin zai ga wuri ya ƙi dawowa kuwa, ina ganin sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Wanda ya tafi na wata uku rajistarsa tana gida, kundin digirinsa yana gida, kuma abin da ya fi korar matasa shi ne su tabbata cewa a inda suke ba za su taɓa yin aiki mai inganci ba. Idan ana son a ƙarfafa dawowar, sai a ajiye wani ɗan kaso na tallafin da za a ba shi bayan ya koma, domin ya sayi kwalabe da murafe da gas ɗin da zai kafa dabarar a ɗakinsu, a kuma shar'anta masa ya koya wa aƙalla mutum biyu. Rahoton da za a nema daga gare shi ma kada ya tsaya a kan nasarori, ya rubuta abin da ya gwada bai yiwu ba, domin irin wannan bayani ba ya shiga mujallu, kuma shi ne yake ceton watannin wanda zai biyo baya.

Abin da ya sa nake ganin lamarin ba na jinkiri ba ne shi ne waɗanda suka gina fannin suna raguwa. Katrina Edwards ta rasu a 2014 tana da shekara 46, Tullis Onstott ya rasu a 2021, kuma da aka ajiye JOIDES Resolution a 2024 an rufe wani ɗakin koyon aiki mai yawo a teku, inda ɗalibi kan yi wata biyu kafaɗa da kafaɗa da ƙwararru daga ƙasashe daban-daban. A ɗaya gefen kuma sabbin ƙofofi suna buɗewa, domin ƙasar Sin ta ƙaddamar da jirginta na haƙa mai suna Meng Xiang a watan Nuwamba na 2024, Turai da Japan sun fara sabon shirin haƙa na haɗin gwiwa a farkon 2025, ga kuma ɗimbin samfuran da ke ajiye a rumbunan Bremen da Kochi da Texas suna jiran masu aiki a kansu. Ina kira ga masu rubuta kasafin waɗannan shirye-shirye, da jami'o'in da ke son ɗalibansu su shiga cikinsu, da su saka layin musayar ɗalibai tun yanzu, da adadinsa a rubuce, tare da sunan ofishin da ɗalibi zai tunkara da takardarsa.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam,
Wani mai karatu